Windows 10 ta yi ritaya: shin Linux ce mafita ga mai tsohuwar kwamfuta?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, tambaya ɗaya ke yawo tsakanin ɗalibai da malaman makaranta da masu shagunan buga takardu: wanda kwamfutarsa ta ƙi karɓar Windows 11, ina zai sa kansa? Wani ya ce a sayi sabuwa, alhali kowa ya san inda farashi ya kai. Wani ya ce a kai wa mai gyara ya yi mata dabara. Wani kuma ya ce a koma Linux, wata babbar manhaja ta kyauta da ke maye gurbin Windows. Wannan shawara ta uku ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Akwai masu ɗaukar Linux kayan aikin masu kutse ce, akwai masu zaton Windows ce aka sauya wa riga, akwai kuma masu cewa in ka ji an ce kyauta, to da walakin goro a miya.

Abin da ya tsaya da abin da bai tsaya ba

Kwamfutar da ke kan Windows 10 ba ta mutu ba. Tana kunnuwa, tana buga takarda, tana shiga intanet kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa duk wata. Babbar manhaja kamar katangar gida ce mai tsawon gaske: kullum ana gano wata tsaga da ɓarawo zai iya bi, sai magini ya zo ya toshe. Yanzu za a ci gaba da gano tsagogin, amma maginin ya daina zuwa. An ga illar irin wannan a watan Mayun 2017, lokacin da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa a kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba, ta kulle bayanan mutane a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya.

Microsoft ta ba masu kwamfutocin gida damar ƙarin wa'adi na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko ta hanyar haɗa kwamfutar da asusun Microsoft. Wannan ɗage ranar matsalar ne kawai.

Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar wata na'urar tsaro a cikin kwamfuta da ake kira TPM 2.0, kuma in furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kamfanin Intel ce, sai zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su aka turo kasuwanninmu. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460, duka zubi na shida ne. Za ka gane naka daga lambar furosesa: in ka ga i5-6300U, wannan 6 ta farko ita ce zubin. Kwamfutoci ne masu ƙarfi da ƙarko, babu abin da ya same su, sharaɗin kamfani kawai ya bar su a baya. Masu gyara suna iya tsallake sharaɗin su cusa Windows 11, kuma tana aiki, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan kwamfutoci gyara ba.

Mece ce Linux, kuma wane ne mai ita?

Babbar manhaja ita ce mai shiga tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajojin da kake aiki da su. Ita ke karɓar abin da ka danna, ta raba wa kowace manhaja wuri, ta aika takarda ga firinta. Windows ɗaya ce daga cikinsu, macOS ta Apple ɗaya ce, Linux ma ɗaya ce.

Bambancin yana wajen rubutun asali. Kowace manhaja rubutu ce da mutane suka zauna suka tsara, layi bayan layi. Microsoft tana riƙe da rubutun Windows a ɓoye, kamar mai tsire da zai sayar maka da nama amma ba zai taɓa gaya maka abin da ya haɗa a yajinsa ba. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, irin Linux, rubutunta a fili yake, kowa na iya karantawa.

Wannan ra'ayi ya samo tushe a 1983, lokacin da Richard Stallman, wani masanin kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, ya ƙaddamar da shirin GNU don gina babbar manhajar da mai amfani zai sami 'yancin yin aiki da ita, ya yi nazarinta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. Ya tsara lasisin da ake kira GPL, mai sharaɗi guda mai nauyi: in ka ɗauki aikin jama'a ka gyara ka rarraba, dole ka bayyana gyaranka a kan sharaɗin da ka same shi. Ni abin da ya fi kama da wannan a rayuwarmu shi ne rijiyar waƙafi. Kowa zai ɗiba. Ɗan garuwa ma zai ɗiba ya kai gidaje a biya shi kuɗin wahalarsa, babu laifi. Wanda ya yashe ta ko ya ɗaure mata baki ya yi wa kowa aiki. Abin da ba a yarda ba shi ne wani ya kewaye ta ya ce daga yau tasa ce.

Mutanen GNU sun gina kayan aiki da yawa, amma zuciyar manhajar, ɓangaren da ke magana da ƙarfe kai tsaye, ba ta kammala ba. Sai a ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata zuciya don sha'awar kansa. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin GPL, aka haɗa ta da kayan GNU, shi ya sa wasu har yau suke dagewa a ce GNU/Linux.

Wanda ke ganin bai taɓa taɓa Linux ba ya duba aljihunsa. Wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Tun watan Nuwamban 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya Linux suke amfani da ita. Inda ba ta yi kasuwa ba shi ne kwamfutocin gida da ofis, inda rabonta ke wajen kashi 4 cikin 100, kuma babban dalili shi ne kwamfuta da Windows take zuwa daga kanti.

In kyauta ce, wa ke biyan masu aikin?

Hausawa na cewa araha ba ta ado, don haka tambayar tana kan hanya. Amsar ita ce mafi yawan gyaran da ke shiga zuciyar Linux a yau injiniyoyi ne masu albashi ke yin sa, daga kamfanoni irin su Intel da Google da AMD da Red Hat, domin kasuwancinsu a kanta ya dogara. Red Hat ɗin nan ɗan garuwa ne babba: kulawa da goyon baya yake sayar wa bankuna da ma'aikatu, kuma a 2019 IBM ta saye shi a kan dala biliyan 34. Wasu ƙananan ayyukan kuma da gudummawar masu amfani suke tafiya. Kai mai laftof a gida, ruwan da manya suka haƙa don bukatarsu kake sha.

Me ya sa sunayen suka yi yawa?

Nan ne sabon shiga ke fara rikicewa. Ya shiga intanet neman Linux, sai ya ga Ubuntu, Mint, Fedora, Debian, Arch, Kali, har ɗaruruwa. Tunda kowa na da izinin ɗauka ya haɗa nasa, ƙungiyoyi daban-daban sun ɗauki zuciya ɗaya sun haɗa ta da manhajoji da fuska iri-iri. Gero ɗaya ne, wata ta yi fura, wata ta yi kunu, wata ta yi tuwo.

Debian tsohuwa ce, tun 1993. Daga jikinta wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu a 2004, ya raɗa mata suna da kalmar Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka. Daga jikin Ubuntu kuma aka fitar da Linux Mint a 2006. Ga wanda ya saba da Windows, ni Mint nake ba da shawara, kuma ba na kokwanto a kai. Maɓallin fara aiki yana ƙasa ta hagu inda hannu ya saba, agogo yana dama, manyan fayiloli suna buɗewa yadda aka sani. Mint 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Tana tashi da RAM gigabait 2, amma 4 ne ake jin daɗinta, kuma in kwamfutar ta tsufa sosai akwai samfurinta mai sauƙin nauyi da ake kira Xfce.

Sai batun Kali, wanda ya kamata a faɗa wa matasanmu da babbar murya. Da yawa suna jin an ce da ita ake kutse, sai su fara da ita, bayan mako guda su ce Linux wahala ce. Kali kayan aikin ƙwararrun masu gwajin tsaro ce, kuma masu yin ta da kansu sun rubuta cewa ba su ba wanda bai san Linux ba shawarar ya yi amfani da ita. Wanda ke son koyon tsaron intanet ya fara zama da Mint ko Ubuntu wata shida tukuna, Kali tana nan ba ta gudu ba.

Gani ya kori ji

Abin da ya fi burge ni game da Linux shi ne ana iya gwada ta ba tare da an taɓa komai a kwamfuta ba. Za ka sauko da fayil ɗinta daga shafin masu ita, na Mint yana kusan gigabait 3. Ka sami filash mai gigabait 8, ka yi amfani da manhaja irin Rufus ko balenaEtcher ka rubuta fayil ɗin a kai. Duk abin da ke kan filashin zai goge, don haka a kwashe shi tukuna. Sai ka kashe kwamfutar, ka kunna, kana danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce ko Lenovo, ka zaɓi filashin. Linux za ta tashi daga kansa, Windows ɗinka na kwance ba a taɓa ta ba. Ka cire filash ka sake kunnawa, ka koma inda kake.

Saboda tsadar data, a sani cewa mutum ɗaya ya sauko da ita ya raba wa ajinsu gaba ɗaya halal ne, lasisin ma abin da yake so ke nan.

A wannan zama na gwaji a duba komai da kyau: Wi-Fi ya kama? Sauti na fita? Kyamara da makirfo suna aiki? A jona firintar da ake amfani da ita a buga shafi. A cire caji a ga yadda batir ke tafiya, domin a wasu kwamfutoci yakan fi saurin sauka a kan Linux, kuma a inda wuta ba ta da tabbas wannan ba ƙaramin abu ba ne. In Wi-Fi ya ƙi, yawanci direban na'urar ne babu, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta aiki. Sai a jona wayar Android da kebul a raba intanet daga gare ta, a buɗe manhajar direbobi ta Mint ta nemo shi.

In an gamsu, za a iya girka ta kusa da Windows, duk lokacin kunnawa a zaɓi wadda ake so, ko a goge Windows gaba ɗaya. A nan ne haɗarin gaske yake. A karona na farko na danna zaɓin goge ma'adana, wato inda kwamfuta ke ajiye fayiloli, ban tsaya na karanta ba, hotunan iyali na shekaru da rubuce-rubucena suka tafi, kuma har yau ina jin zafin abin. Kafin a danna komai, a kwafe duk fayil mai muhimmanci zuwa wata ma'adana ta waje, a buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Ɗalibin da ke tsakiyar rubuta kundin kammala karatu ya bari sai ya miƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za ka samu da abin da za ka rasa

Duk shawarar a nan take, domin mutum ba babbar manhaja yake amfani da ita ba, aikinsa yake yi.

In aikinka a burauza yake, ba ka da matsala. Firefox na zuwa a ciki, Chrome ma akwai ta. Imel, YouTube, WhatsApp na burauza, shafukan rajistar makarantu, biyan kuɗi ta Remita, duk suna tafiya daidai. Zoom da Telegram da VLC suna da samfurin Linux. Mai koyon rubuta manhaja kuwa gida ya zo, domin yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet Linux ce a kansu.

Wajen rubutu akwai LibreOffice, mai buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint. Tana yin aikin, amma a faɗi gaskiya: takarda mai tebura da yawa ko tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan goce in ta bi tsakanin manhajojin biyu, shafi na 40 ya koma na 41. Maganin shi ne a girka haruffan da aka saba da su irin Times New Roman, kuma duk abin da za a kai shago a buga, a mayar da shi PDF tun daga gida. Marubutan Hausa kuma ga albishir: a jerin tsare-tsaren allon rubutu na Linux akwai na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana, ba tare da an sauko da komai ba. Na Larabci ma yana nan.

Amma Microsoft Office irin wadda ake girkawa ba ta da samfurin Linux, sai ta burauza. Photoshop babu. AutoCAD babu. CorelDRAW, wadda kusan duk shagon buga kalanda da katin biki da fosta a garuruwanmu a kanta yake rayuwa, ita ma babu ta yanzu. A madadinsu akwai Inkscape da GIMP da Scribus, kuma ƙwararru na yin aiki mai kyau da su, sai dai mai shagon da kwastoma ke kawo masa fayil ɗin Corel a filash yana jira a tsaye ba shi da lokacin koyon sabon hannu. Wanda ya ce masa ya goge Windows ya cuce shi. Haka masu kafe da ke aiki da na'urar ɗaukar hoton yatsa, da yawa daga manhajojinsu don Windows kaɗai aka yi su. Wasu tsofaffin firintoci ma sai an sha fama. Irin waɗannan mutane hanyarsu ita ce su tara kuɗin kwamfutar da ke ɗaukar Windows 11, ko su bar kwamfutar aikin a kan Windows 10 su raba ta da intanet gwargwadon iko.

Akwai kuma wata ɗabi'a da za ta sauya. Mun saba a kwafo manhaja a filash daga aboki. A Linux, manhajoji daga rumbun masu ita ake sauko da su, kamar yadda ake yi a Play Store. Wannan ya fi aminci nesa ba kusa ba, amma yana nufin sai da data, musamman a makon farko.

Baƙin allo da batun tsaro

Baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai shi ke firgita mutane. A Mint za ka iya wata da watanni ba ka buɗe shi ba. Amma ranar da matsala ta taso, masu taimako a intanet sukan ba da umarni a rubuce, don ya fi sauƙi fiye da kwatancen danna nan danna can. Doka ɗaya ce: kada ka liƙa umarnin da ba ka san aikinsa ba, musamman wanda ya fara da sudo, domin wannan kalma ita ke ba umarni ikon taɓa ko'ina, kuma shi ya sa ake tambayar kalmar sirri kafin ya gudana. Mint tana da Timeshift, mai ɗaukar hoton yadda tsarin yake, in an yi ɓarna a koma baya. A kunna ta ranar farko.

Bairos ɗin da ke bin filash daga shago zuwa shago yana ɓoye fayiloli ba ya aiki a Linux, don an rubuta shi ne don Windows. Wanda ya bar Windows ta jabu da manhajojin da aka fasa ya rabu da babbar hanyar shigowar cuta. Sai dai Linux ba laya ba ce. Wanda aka turo wa shafin banki na bogi ya rubuta lambarsa ta sirri, kuɗinsa sun tafi ko wace manhaja yake kai. Ita kanta buɗaɗɗiyar manhaja ana kai mata hari. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya gano an dasa ƙofar sirri a wata ƙaramar manhaja mai suna XZ, ta hannun wani da ya shafe shekaru yana neman amincewar mai kula da ita. Masu suka sun ce ga shi nan, manhajar da duniya ta dogara da ita an bar wa ɗan sa-kai guda. Magoya baya sun ce don rubutun a buɗe yake aka kama shi kafin ya bazu. Ni ina ganin duka biyun sun faɗi gaskiya.

Waɗanda suka riga mu gwadawa

Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutocinsa kimanin 15,000 kan Linux, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jandarmomin Faransa kuwa sun daɗe a kan nasu samfurin Ubuntu, a dubun-dubatar kwamfutoci. A 2024 jihar Schleswig-Holstein, ita ma a Jamus, ta sanar za ta mayar da kwamfutocin gwamnati 30,000 kan LibreOffice da Linux, don kada bayanan jama'arta su rataya a wuyan kamfanin wata ƙasa. Jandarmomin ba su fara da babbar manhaja ba. Sun fara sauya manhajar rubutu da burauza, ma'aikata suka saba, sannan aka sauya babbar manhajar. Mutum ɗaya ma zai iya bin wannan hanya: LibreOffice da Firefox da GIMP duk suna aiki a kan Windows, a girka su yau a yi wata guda da su, a ga ko aiki zai tafi.

Matsalar da ta fi damuna a wajenmu ita ce ta mai gyara. In Windows ta lalace, kowace kasuwa akwai wanda zai sake zuba ta. In Linux ce, a garuruwa da yawa mai gyaran zai ce a goge a mayar da Windows. Saboda haka sabon shiga ya nemi abokin tafiya, ko a makaranta ko a wurin aiki, su fara tare. Matasan da ke koyon gyara kuma su sani akwai tarin laftof zubi na shida da na bakwai a hannun jama'a da za su buƙaci wanda ya iya wannan aiki.

Filashin da aka yi gwaji da shi kuma kada a goge shi, ko da an yanke shawarar zama a Windows. Ranar da Windows ta ƙi tashi, da shi za a kunna kwamfutar a kwashe fayiloli kafin a kai ta gyara. In an kulle ma'adanar da BitLocker, makullin tsaro na Windows, sai da mabuɗinta mai lamba 48, don haka a nemo shi tun yanzu a rubuta a takarda a ajiye.